Biron Hannun Hagu na Baba Ilu

Jiya a rumfar cajin waya ta bakin tasha, nan Gumel, Nazifi ya zare biron nan daga aljihun gaban rigata ko izini babu. Ya jujjuya shi, ya kai hanci ya shinshina, ya gwada rubutu a tafin hannunsa, sai ya kwashe da dariya.

"Yaya Sabi'u, wai wannan ce sana'ar da kake cika mu da labarinta? Itace ne fa aka fere aka cusa masa hanjin biro. Kuma ma ya ƙi zama a hannu, duk a karkace yake. Wallahi a ba ni reza da reshen darbejiya, kafin wayarka ta cika na yi wanda ya fi shi."

Sauran yaran suka taya shi. Na ce, "Ba ni kayana, ba don hannunka aka yi shi ba." Daidai nan fasinja ya ƙwala mini kira, na tada Keke na tafi. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa yau na zauna zan ba ku labarin daga tushe, ku da kuke ganin kamar ferar rake ce.

Ni ɗan Gagarawa ne. Aji biyu na ƙaramar sakandare na bar makaranta, ba kora ta aka yi ba, zaman benci ne ba na iyawa. Na taɓa faci, na taɓa sayar da fetur a kwalba, na yi yaron mota a hanyar Maigatari, babu wanda na kai damina biyu a ciki. Da mahaifina ya gaji, sai ya riƙo hannuna har kasuwar Gumel, rumfar wani abokinsa da ake kira Baba Ilu Mai Ƙota, mutumin wani ƙauye ne bayan Sule Tankarkar. Ya ce, "Malam Ilu, ga shi nan. Ko zama kaɗai ka koya masa, ka gama mini komai."

Baba Ilu ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Zauna." Na zauna. Can ya ce, "Ƙafar ma ta zauna." Ashe tun ɗazu ina karkaɗa ta ban sani ba. Daga ranar ya sa mini suna Ba-ka-zama, har 'yan kasuwa suka manta da Sabi'u.

Asalin sana'arsa ƙota ce, ta fartanya, ta gatari, ta wuƙa. Biro daga baya ya shigo. Ya ce wata shekara aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a ƙauyensu, dattawa suka shiga, aka raba musu biro irin na roba ɗin nan siriri. Hannun da ya tashi da ƙotar fartanya, ga kanta, ga kauri, a ce ya kama tsinke. Wani ya matse har ya karye, wani gumi ya sa yana ta juya masa, wani ya ajiye a gwiwa ya gangara cikin yashi. Har sun fara cewa su karatun ne ba ya son su. Baba ya karɓi na wani abokinsa, ya fasa robar, ya zaro hanjin, wato siririn bututun nan mai tawada, ya yi masa ƙota kamar yadda zai yi wa wuƙa. Shi ke nan mafarin abin. Shi har ya bar duniya bai taɓa cewa biro yake yi ba, cewa yake ƙotar rubutu.

Aikina na farko tsaga itace. Ba a yanka shi da zarto a tsaye, tsaga shi ake yi ya bi jijiyarsa, don in ka gitta jijiya, ran da ya faɗi ƙasa ranar zai rabe. Aduwa muka fi yi da ita, tana da sauƙin wuƙa kuma ba ta tsagewa bayan an gama aiki. Kanya ta masu son baƙi. Kirya kuwa sai an yi sa'a, don ta yi ƙaranci a wajenmu, sai dai in an samu tsohuwar taɓarya da ta karye a saya wajen mata. Tana da nauyi, tana cin bakin wuƙa, amma in ta sha man kaɗe sai ta yi ja kamar goro. Darbejiyar da Nazifi yake magana, ɗanyenta in ka fere yau, jibi ya lanƙwashe kamar lauje. Itacen biro sai ya kwana biyu a inuwa, ƙarƙashin rumbu, har sai ka buga biyu ka ji sun yi ƙara siririya.

Sai huda. Nan ne yara suke tunanin daga ƙarshe ake yi. A'a, kafin wuƙa ta taɓa jikin itacen ake huda shi, tun yana da kauri. Tsinken ƙafar keke muke sawa a garwashi ya yi ja, ka kafa shi a tsakiya, ka danna kaɗan, ka zare, ka busa, ka mayar wuta. In ka yi gaggawa ramin ya karkace, tsinken ya ɓullo ta gefe, wani lokacin ta cikin tafin hannunka. Ga tabon nan har yanzu. Kuma a gindi sai ka bar wata 'yar ƙofa kamar ta allura, don in iska ba ta shiga, tawada ba ta sauka. Na taɓa toshe ta don in yi gwaninta, biron ya yi kyau, ya rubuta layi ɗaya ya ɗauke. Baba ya miƙo mini shi ya ce, "Ba-ka-zama, toshe hancinka ka yi mini waƙa."

Bayan huda sai fuska. Ka fara mayar da itacen mai fuska huɗu, sannan ka sauke kusurwoyin nan ya koma takwas. Jin sa da sauƙi. Amma kowace fuska da jan wuƙa ɗaya ake fitar da ita, daga gindi har baki, ba tsayawa. In ka tsaya a tsakiya ka numfasa, wurin zai bar gaɓa, ido ba zai gani ba amma yatsa zai ji. In ka ce bari ka gyara, ka ci fuskar maƙwabciyarta, ita ma ka gyara, ka ci ta gaba, kafin ka farga biron ya koma tsinken sakace. Na cika kwando da irin waɗannan, matar mai shayin kusa da mu da su take hura wuta. Daga nan ka kankare da fasasshen kwalba, ka shafa man kaɗe, ka goge da tsumma har ya ɗau zafi.

Na taɓa tambayarsa, me ya sa ba za mu bar shi mulmulalle ba mu huta? Ya ce, "A kasuwar nan ka nuna mini mai tebur." Gaskiya ne. Dillali a kan gwiwa yake rubutu, mai awo a kan buhu, direba a kan sitiyari. Mai fuska takwas inda ka ajiye shi nan za ka same shi, kuma gumi ba ya juya shi a hannu.

Amma duk wannan ba shi ne sana'ar ba. Sana'ar ita ce ɗaukar hannu. A gefen rumfa akwai wata tukunya da yumɓu a ciki, kullum a rufe da jiƙaƙƙen buhu. In mutum ya zo yana son nasa na kansa, Baba zai naɗa yumɓu a jikin ɗan kara, ya ce, "Riƙe kamar za ka rubuta sunanka. Kar ka yi mini riƙon nuna wa mutane, yi wanda kake yi in kai kaɗai ne." Mutum ya riƙe, ya ɗan matsa, ya saki. Sai ga gurbin babban yatsa, ga na manuni, ga inda na tsakiya yake tokarewa. Baba ya ajiye lakar a gabansa, ya ɗauko wata 'yar wuƙa mai lanƙwasasshen baki da maƙeri ya ƙera masa da ƙarfen sifirin mota, yana ce mata Cokali, ya dinga kwalfar itacen nan kaɗan-kaɗan har gurabun su fito yadda suke a laka. Kuma a take ake yi, don in laka ta bushe tana tsukewa, sai ta yi maka ƙaryar hannun mutum.

Wata Alhamis a kasuwar Maigatari, don duk Alhamis can muke kai kaya, wani dillalin shanu ya zo, ƙato, yatsunsa kamar rogo. Ya riƙe laka, ya saki, sai kuma ya tsaya yana kallonta, fuskarsa ta canza.

"Malam, tsaya tukuna. Hannuna zan tafi in bar maka? In wani ya zo ya saya ya kai wa boka fa? Ka san kasuwar nan ba kowa ke son ganin ka da riga ba."

Baba bai yi dariya ba. Ya ce, "Alhaji, zauna ka sha ruwa, da idonka za ka gani." Ya gama aikin, ya jawo kwanon ruwa, ya saka lakar a ciki a gaban mutumin, ya ce ya dama da yatsansa. Ta narke, aka juye a tukunya cikin sauran yumɓu. Ashe dokarsa ce tun fil azal, ko mai hannu ya tambaya ko bai tambaya ba. Hannun mutum ba ya kwana a rumfarsa. Ya sha faɗa mini, "Aro muka karɓa. Ka gama, ka maida laka." Ko da mai hannun ya ce a bari zai dawo a yi masa na biyu, sai ya ce in ya dawo ai da hannunsa zai dawo.

Masu sayenmu kala-kala. Akwai malaman makaranta daga tsallaken iyaka, mutanen Nijar, su bik suke ce wa biro. Wani siriri mai tabarau, kowa Mushe yake ce masa, wato malam da Faransanci, duk ƙarshen zango sai ya zo ya yi wa ɗalibin da ya yi na ɗaya a ajinsa. Zai zo da yaron a bayan babur a ɗauki hannunsa, Baba ya ce, "Mushe, hannun nan fa girma zai yi." Shi kuma ya ce, "To, in ya girma ya sake yin na ɗaya." Akwai wata ungozoma daga asibitin wajen Gagarawa da ta ce a yi mata mai rami a gindi ta zura zare ta rataya a wuya, don abokan aiki sun ishe ta da aro. Da aka yi mata na hannunta aron ma ya ƙare, kowa ya ɗauka sai ya ce ba daɗin riƙo.

Ni kuwa tsaga, huda, fuska, kankara, duk na iya. Har ta kai in na ja fuska takwas Baba zai rufe ido ya bi da yatsa, ya ajiye bai ce komai ba, to wannan shi ne yabonsa. Amma Cokali bai taɓa bari na taɓa ba. In na yi magana ya ce, "Gurbi ba a yin sa da ƙafa tana rawa. Ran da ka iya zama zan ba ka."

Sai ga shekarar da aka rufe boda. Ku kun san ta, amma ba ku san yadda ta yi wa masu ƙaramar sana'a ba. Kasuwar Maigatari ta koma kamar an share, Mushe bai sake zuwa ba, dillalai suna zaune suna korar ƙuda. Dama waya ta riga ta fara cin mu, wanda da zai rubuta yanzu latsawa yake. Ƙota ma ta tsaya, manomi ya gwammace ya ɗaure tsohuwar da roba. Sai mu wuni mun jera biro a tabarma, rana ta bi ta kansu, mu tattara. Ni abin da ya fi damuna ma zaman, ba aiki ba motsi. Wata rana Baba ya dubi ƙafata ya ce, "Tashi ka je ka nema, ɗan nan. Kai yaro ne, rumfar nan ba za ta riƙe mu mu biyu ba. In an buɗe hanya ka dawo, Cokali na nan." Na tafi Kano na yi dako, na gangara kudu na yi gadi, na dawo na karɓi Keken nan da nake ja. Rumfar na tarar da wani mai takalman roba a ciki. Aka ce Baba ya koma ƙauye. Kullum ina cewa zan je, kullum fasinja.

Ranar nan ina layi a tasha waya ta shigo, baƙuwar lamba. Ashe Yaya Talatu ce, babbar 'yarsa, wadda take kawo mana abinci rumfa wani lokacin.

"Sabi'u, kai ne? Baba fa ba lafiya tun kafin damina. Hawan jini ya buge shi, ɓarin dama ya shanye, maganar ma ta tafi. Likita ya ce hankalinsa garau yake, harshe ne da hannu. Akwai abin da yake son faɗa, mun kasa ganewa, yanzu har abinci ya fara ƙi. Mun ba shi biro a hannun hagu, ya ƙi riƙuwa. Mun kawo yashi a faranti, hannun rawa yake, yana rubutawa yana sharewa. Jiya ya nuna jakar kayan aikinsa, ya dinga karkaɗa ƙafarsa mai lafiya yana kallona. Sai na ce, Ba-ka-zama? Ya lumshe ido."

Ban ko ajiye fasinjan da ya fara shiga ba, haƙuri na ba shi ya sauka.

Na same shi a ƙuryar ɗaki a kan katifa, ya rame, bakin ya ɗan karkace. Na durƙusa na gaishe shi, ya bi ni da ido, sannan idon ya sauka kan ƙafata. Na danne ta da hannu. Wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, Yaya Talatu ta ce rabonsu da jin wannan tun kafin ciwon, dariya ce.

Baba ya iya ajami sarai, da shi yake rubuta sunan masu aiki a jikin itace. Matsalar hannun ce. Ku ba ku san hannun hagun masassaƙi ba. Shi ne mai riƙe itace, duk wuƙar da ta kuɓuce a kansa take sauka. Manuninsa na hagu tun yana saurayi gizago ya sare jijiyar, a miƙe yake kamar sanda, ba ya lanƙwasuwa. Ga rawa da ciwon ya ƙara masa. Kuma da farko ma ƙin rubutu da hagun ya yi, wai haruffan da ake rubuta Alƙur'ani da su a ja su da hagu, sai da liman ya zo da kansa ya ce masa lalura ce, babu laifi.

Na buɗe jakar. Komai na nan, wuƙar fuska, tsinken keke, guntun kwalba, da Cokali a naɗe cikin tsumma. Na tambayi Yaya Talatu ko akwai tsohuwar taɓarya. Ta kawo ta mahaifiyarsu marigayiya, kirya ce, ta tsage a kai. Nauyinta nake so, don abu mai nauyi yana kwantar da rawar hannu. Aka samo yumɓu wajen mai tukwane, na naɗa a kara, na saka masa a hannu. Bakina ya so ya ce riƙe kamar za ka rubuta sunanka, na kasa faɗa wa mai maganar maganarsa. Shi ya riƙe da kansa, tsakanin babban yatsa da na tsakiya, manunin yana kwance a sama a miƙe. Ya matsa, ya saki. Ban taɓa ganin gurbi irin wannan ba, biyu masu zurfi, ɗaya dogon kwari a bayan biron, kuma duk a juye da yadda idona ya saba.

Aka jingina shi da bango, na zauna a bakin ƙofa inda haske yake. Tsaga da huda da fuska ban ji komai ba, hannu bai manta ba, sai dai na bar shi da kauri fiye da kullum. Sai na kwance Cokali daga tsummanta. Shekaru ina kallon yadda ake yi, ashe kallo daban. Kwalfar farko na danna da ƙarfi, bakin ya cije a kirya. Sai na ji ƙwas a katifa. Baba ne ya buga da hannun hagu. Na ɗago, ya juya tafin hannunsa a hankali, kamar mai kwasar miya. Ashe ba dannawa ake ba, juya wuyan hannu ake, wuƙar ta shiga ta fita da kanta. Na sake. Ya yi shiru. Haka muka yi aikin nan, in na kauce ya buga katifa, in na yi daidai ya yi shiru. In kwalfa kaɗan, in kai masa ya riƙe, in duba inda fatar yatsa ta yi fari, nan ne itace ya tokare, in dawo in rage. Aka kira azahar na je na dawo, aka kawo abinci ya huce a gefe. Sai da Yaya Talatu ta ce, "Ikon Allah, yau Sabi'u ne a wuri ɗaya tun hantsi," sannan na lura ƙafata ko motsi ba ta yi ba.

Wajen la'asar na shafa man kaɗe, na zare hanjin biron da ke aljihuna na zura. Kafin in miƙa masa, idona ya faɗa kan lakar nan a ƙarƙashin jiƙaƙƙen tsumma. Kowa hankalinsa na kan biro. Na ɗauke ta a hankali na saka a wani gwangwanin madara, na tura cikin jakata. Na san doka. Amma na ga yadda ya rame.

Mutanen gida suka taru, ƙannensa, jikoki, har maƙwabta a bakin ƙofa. Aka ɗora masa allo a cinya, aka shimfiɗa takarda. Na saka masa biron. Yatsun suka faɗa gurabunsu kamar ƙafa a tsohon takalmi, manunin ya kwanta a kwarinsa. Hannun ya yi rawa, nauyin kirya ya ja shi ƙasa, bakin biro ya tsaya a takarda. Ya fara ja. Harafi ɗaya sai ya huta. Wata tsohuwa tana ta salati ƙasa-ƙasa. Wata da watanni mutumin nan bai ce uffan ba, kowa ya ƙagu ya ji me zai fara faɗa. Da ya ɗaga hannu, Yaya Talatu ta sunkuya tana haɗa baƙaƙen da ƙarfi.

"Mai... da... la... ka. Maida laka." Ta ɗago. "Wace laka kuma, Baba?"

Shi ni yake kallo. Na jawo jakata na fito da gwangwanin. Na ce, "Yaya, a ba ni ruwa a kwano." Na ajiye a gabansa, na saka lakar. Ya sa yatsan nan nasa mai miƙe ya dama da kansa. Ina kallo gurbin babban yatsa ya fara zubewa, sannan dogon kwarin, ruwan ya koma ja, shi ke nan.

Sannan ya sake ɗaukar biro ya rubuta abin da ya hana shi cin abinci. Cewa ya yi a fitar da shi zaure. Tunda ya kwanta suka ɓoye shi a ƙurya don kar iska, don kar idon mutane, shi kuwa mutumin kasuwa ne, duk rayuwarsa a bakin hanya ya yi ta. A ranar muka ɗauke shi da katifar muka kai zaure. Mai kurar ruwa ya wuce ya gaishe shi, masu dawowa daga gona suka tsaya. Ya sha kunu kofi guda a gabana. Kafin in tafi ya tura mini Cokali da bayan hannu, ya rubuta wata 'yar magana, Yaya Talatu ta karanta tana dariya, wai gurbin babban yatsa ya ɗan yi zurfi.

Ya ƙara shekara guda da wani abu a zauren nan, yana rubuta gaisuwa, yana rubuta faɗa, jikoki suna canza masa hanjin biro in ya ƙare. Duk ran da na samu fasinjan Sule Tankarkar sai na ƙarasa. Bayan rasuwarsa, ran sadakar bakwai, Yaya Talatu ta kira ni gefe ta miƙo mini biron. Ta ce, "Kowa a gidan nan ya gwada, ya ƙi hannun kowa. Kai ka san kansa."

Cokali tana cikin akwatin Keke, a naɗe a tsummanta. Tun ranar ban sake kwalfar gurbi da ita ba, ba wanda ya tambaya. Wani lokacin ran Alhamis in na kai fasinja Maigatari, nakan bi ta inda muke shimfiɗa tabarma, yanzu masu gilashin waya ne a wurin.

To Nazifi, ka ce ya ƙi zama a hannunka, gaskiyarka. Ni ma ba ya zama a nawa na dama. Sai in layi ya yi tsawo a tasha, ba fasinja, in mayar da shi hagu, in saka babban yatsa a nan, na tsakiya a nan, in miƙe manuni in kwantar da shi a kwarin nan. A haka yake zama daram. Gurbin babban yatsan kuwa, ya yi gaskiya, ya ɗan yi zurfi.